Baƙar Giyar da Na Dafa Don Zenek Ya Zauna

Minti bakwai. Iyakar abin da yayana Zenek yake ba ni ke nan a shekara, kuma ba kintace nake yi ba, agogon bangon kicin shaida ne. Duk ranar ashirin ga Nuwamba, ranar waliyyi Edmund da na ci sunansa, ko da yake Mundek ake kirana, zai sauko daga bas mai lamba tara da ƙarfe huɗu na yamma, ya miƙa wa matata Danka furanni uku, ya kama hannuna ya ce, "Shekara ɗari, Mundek." Danka za ta ajiye masa silifas na baƙi a gabansa, ya ce a bar su, ba zama zai yi ba. Yana tsaye a bakin ƙofar kicin da kwat ɗinsa a jiki zai karɓi tambulan ɗaya na giyar da na dafa, ya shanye, ya ce ta yi daɗi, ya fita ya tari bas ɗin da ya kawo shi yana dawowa daga ƙarshen layi. Shekara goma muna haka.

A nan garinmu Siedlce na ƙasar Poland ba a gayyatar kowa bikin ranar waliyyin da ka ci sunansa. Wanda ya san ka zai zo, wanda bai zo ba kuwa ya faɗi maganarsa ke nan. Zenek bai taɓa fashi ba, amma bai taɓa zama ba, kuma ni na san dalili.

Laifina ne, kada in yi kwana-kwana. Lokacin da ɓarin jikin mahaifiyarmu ya shanye, ina can ƙasar waje, a birnin Cork, ina walda a tashar gyaran jiragen ruwa. Shekara uku Zenek ne ke juya ta, ya yi mata wanka, ya ba ta miya a cokali, ga aikinsa na jirgin ƙasa, ga matarsa ta riga ta rasu. Ni kuwa aikina shi ne buga waya ran Lahadi in ba da shawara. Da ta cika na iso ana saura awa biyu a binne ta. A wajen cin abincin makoki, dangi cike da ɗaki, na sha bodka biyu, sai bakin nan nawa da ba ya shawara da ni ya buɗe ya ce, "Da ina nan, da ban bar ta a wancan asibitin ba." Zenek ya ajiye cokalinsa a hankali a gefen faranti. Bai taɓa tayar da maganar ba, ba ranar ba, ba bayanta ba.

Shekara ɗaya bayan haka na dawo gida gaba ɗaya da gwiwa mai ciwo da ɗabi'a guda: dafa giya a gareji. Farar giya nake yi, mai gas, irin wadda in ka buɗe kwalba sai ta yi tsaki, kuma ina alfahari da gas ɗin nan ba kaɗan ba. Maƙwabta suna cewa tawa tana cizon harshe, ni kuma in ɗauka yabo ne.

A farkon Oktoba na bana Danka ta dawo daga coci ta ce ta gamu da ƙanwar marigayiya matar Zenek. Wai Iwona, 'yarsa da ke aikin jinya a Norway, ta matsa sai ya koma wajenta, kuma ya yarda. Kafin Kirsimeti zai tafi, tafiyar da ba ta hutu ba. Ina yanka burodi lokacin, na ci gaba da yankawa har na gama da guda ɗungurungum, mu biyu kacal a gidan.

"Mundek," ta ce, "tashar bas tana bakin layinmu. Minti ashirin ne zuwa gidansa. Ka je ka ƙwanƙwasa ƙofa ka ce, Zenek, na yi kuskure, ka yafe mini. Kalma nawa ce?"

"Ba ki san Zenek ba."

"Na san ƙaninsa dai. Shekara talatin da huɗu ina wanke masa safa."

Na ce mata irin wannan magana ba a yin ta a bakin ƙofa, tana bukatar wuri da lokaci da natsuwa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. In na je gidansa ya buɗe ƙofa ya dube ni da idon nan nasa na mai duba tikiti, na san maganar yanayi zan yi in dawo. A gidana kuwa, a ranata, dole ya karɓi tambulan. Matsalar kawai minti bakwai ɗin ne, don ni mutum ne da nakan ci minti biyar ina gyaran murya. Saboda haka maimakon in hau bas na minti ashirin, sai na yanke shawarar dafa giya ta mako shida.

Dabarar daga Cork na taho da ita. Akwai wata mashaya kusa da tashar jiragen, inda nakan zauna ran Asabar da tambulan ɗaya na baƙar giyarsu, wadda suke kira sitawut. Tambulan ɗaya yakan kai ni awa biyu. Baƙa ce wuluk, mai kauri, da kumfa a kai kamar man shanu, kuma kafin ma a miƙo maka sai an zuba rabi an ajiye ta lafa, sannan a ƙarasa. Na ce wa kaina, yauwa Mundek, ga tarkonka. Minti biyu na zubawa, rabin awa na sha. Ba mahalukin da zai kwankwaɗi wannan giya a tsaye da kwat a jiki. Ranar har na ji tausayin mutanen da Allah bai ba su irin ƙwaƙwalwata ba.

Na sayo tsiron sha'ir, da gasasshen sha'ir baƙi kamar gawayi, na kuma ɗebe hatsin da Danka ke dama kunun safe da shi, don shi ke sa giya santsi a baki. Na jiƙa su a ruwa mai ɗan zafi fiye da yadda na saba. In ka yi haka akwai wani zaƙi da yakan rage wanda yis ba ya iya cinyewa, kuma shi ne ke ba giya jiki. Jiki nake nema, irin wanda mutum zai ji kamar ya ci abinci. Garejin ya yi kwana uku yana ƙamshin ƙonannen burodi, karen maƙwabci ya tare a bakin ƙofa ya ƙi tafiya.

Sai maganar iska. Kumfar nan mai laushi ba daga gas irin na lemon kwalba take zuwa ba, daga naitirojin take. Ana haɗa kashi bakwai na naitirojin da kashi uku na gas a silinda ɗaya, a tura giyar da ƙarfi ta wani famfo na musamman da ke da ɗan faifan ƙarfe a bakinsa mai huda biyar ƙanana. Silinda ba ta ba ni wahala ba, mai walda bai rasa wanda zai cika masa. Faifan kuwa na ƙi saya, na ce shekara arba'in ina huda ƙarfe, ba zan sayi huda biyar a kanti ba. Na lalata guda shida, na karya allurar huda huɗu, na soke babban yatsana sau ɗaya, sannan na bakwai ya fita daidai. Danka ta tambayi nawa ake sayar da shi, na ce ba wannan ce maganar ba.

Da giyar ta nuna na juye ta a ƙaramin duro na sa a tsohon firjin gareji. A nan hannuna ya yi abin da ya saba ba tare da ya tambaye ni ba: na ɗura mata gas yadda nake ɗura wa farar giyata, har ta ƙoshi. Bayan mako guda na jona silindar naitirojin, na kafa tambulan, na ja famfo. Abin da ya fito ba giya ba ne. Kumfa ce ruwan ƙasa ta fito da gudu, ta cika tambulan, ta hau hannuna, ta bi hannun rigata, ta fantsama kan kwalaben kokwamba mai tsami da Danka ta jera a kanta. Giyar da za ta bi ta huda biyar ɗin nan ba ta son gas sai ɗan kaɗan, ni kuwa na ba ta na biki.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri kawai yake ci. Safe da yamma zan tsuguna gaban firji, in girgiza duron a hankali, in ja ɗan zoben da ke samansa ya saki iska. Kwana tara ina wannan. Danka ta leƙo wata safiya ta same ni rungume da duro ina bubbuga bayansa.

"Ya yi gyatsa, ko in kawo zanin goyo?"

"Aiki nake yi."

"Na gani. Da ka yi wa 'ya'yanmu rabin wannan da ban yi furfura da wuri ba."

Ban da gyatsar duro, akwai wani aikin da nake yi a garejin wanda ban so ta gani ba. Ina bitar jawabina. Silindar naitirojin ta kai tsayin ƙirjina, siririya, shiru, ba ta nuna abin da ke cikinta, don haka ta yi daidai da Zenek. Zan tsaya gabanta in ce, "Zenek, shekara goma sha ɗaya ke nan da na faɗi wata magana." In tsaya in ba ta damar amsawa. Har na tsara wurin da zan yi shiru, da wurin da zan dafa kafaɗarsa. Na auna jawabin da agogo, minti goma sha ɗaya, har da shirun. Silindar ta yafe mini sau da yawa.

Giyar kuwa ta fito yadda ban taɓa yin irinta ba. Kullum nakan ɗan tsiyaya a ƙaramin kofin bodka, in riƙe a baki kamar magani, in juya ta, in haɗiye. Ban taɓa cika tambulan na sha ba, wai kada in rage wa Zenek. Wannan tsimin shi ne ya kai ni ya baro, amma a lokacin gani nake hikima ce.

Ranar ta zo. Danka ta dafa kabeji da nama a babbar tukunya, ga kifi mai gishiri da albasa, ga kek ɗin cuku. Maƙwabta da tsofaffin abokan aiki suka cika falo, kowa da silifas ɗin baƙi a ƙafa, ana ta yi mini fatan shekara ɗari. Ni dai idona yana kan taga. Ƙarfe huɗu da minti uku aka danna ƙararrawa.

Ya ƙara ramewa. Kwat ɗin nan mai ruwan toka da ya saba zuwa da shi ya yi masa yawa a kafaɗa. Shekaru ke nan ina lura da ramarsa, kuma da yake ni komai a kaina yake ƙarewa, sai na ɗauka riƙon da yake yi mini ne ke cin sa. Ya miƙa furanni, ya ce shekara ɗari, Danka ta ajiye silifas, ya ce a bar su.

"Bana giyar tana gareji," na ce. "Ba a ɗauko ta, sai an je mata."

Ya duba agogon hannunsa, ya biyo ni.

Na ɗauko babban tambulan, na karkata shi, na ja famfo. Ta sauko a hankali ba hayaniya. Da ta kai kashi uku cikin huɗu na tsaya na ajiye a kan teburin aiki. Duk cikin tambulan ɗin ya zama ruwan madara da koko, ƙananan kumfa suna gangarowa ƙasa ta jikin gilashi, baƙin yana tasowa daga gindi sannu sannu. Zenek ya sunkuya yana kallo, hannayensa a aljihu.

"Me ake jira?"

"Ta lafa. Minti biyu."

Ga minti biyu a hannuna, ga shiru, ba kowa sai mu biyu. Na buɗe baki in fara, "Zenek, shekara goma sha ɗaya," sai na ji muryata tana cewa, "Ka san naitirojin ba ya son narkewa a ruwa?" Na yi masa bayanin kashi bakwai da uku. Na yi masa bayanin huda biyar. Har na ɗauko faifai shidan da na lalata daga gwangwani na jera masa a tafin hannu. Ya ce, "Hmm." Na lallashi kaina cewa ba komai, wannan shimfiɗa ce, rabin awa na nan tafe.

Na ƙarasa cika tambulan ɗin. Baƙi ƙirin, da farar hula mai kaurin yatsa biyu, ko ɗigo bai zuba ba. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya ɗan yi jim yana kallonsa, kamar mai shirin shiga ruwan sanyi, ya ja numfashi, ya kafa kai.

Na ga maƙogwaronsa ya motsa sau ɗaya. Ya tsaya, ya ɗaga gira, ya sake kafa kai. Sau biyu. Sau uku. Ya ajiye tambulan babu komai sai zoben kumfa a jikin gilashi, ya share gashin bakinsa da bayan hannu. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

A tsaye a wurin na gane abin da kowane yaron mashaya a Cork ya sani. Ba kauri ke tsayar da mai sha ba, gas ne. Shi ke cizon maƙogwaro ya cika ciki ya sa ka dakata. Ni kuwa na kwana tara a tsugune ina cire shi da hannuna, na ƙara hatsin kunu don santsi, na yi wa yayana giyar da ke gangarawa kamar madara mai sanyi. Awa biyun da nake yi da tambulan ɗaya a can ba halin giyar ba ne. Ba ni da wanda zan yi hira da shi ne, kuma ba na son komawa ɗakina. Na rage wa kaina minti shida daga cikin bakwai ɗin da nake da su, da kuɗina da yatsana.

"Ta yi daɗi," in ji Zenek, ya fara ɓalla maɓallin kwat na sama.

Raina ya ɓaci, kuma haushinsa na ji, ba na kaina ba, don haka aka yi ni.

"Mako shida, Zenek. Mako shida na yi a kan wannan tambulan, ka zuba shi kamar mai kashe gobara. Ko ɗanɗana ta ka yi? An yi ta ne a zauna a sha. Don ka zauna na yi ta."

"Don in zauna?"

"Eh. Na lissafa rabin awa za ta ɗauke ka."

"Rabin awa na mene?"

Jawabin minti goma sha ɗaya, da shirunsa da dafa kafaɗarsa, ya bi iska. Ban sami ko kalmar farko ba. Zenek kuma ba ni yake saurara ba. Ya sa tafin hannu a ƙasan ƙirjinsa ya danna, kansa a karkace kamar mai sauraron inji. Ya jawo bokitin da nake wanke kwalabe, ya kifa shi, ya zauna a kai.

"Dakata," ya ce. "Bari mu gani ko zai taso."

"Wa?"

"Ciwon. Minti biyar yakan yi, wani lokaci shida."

Ya ga ban gane ba, sai ya zare maɓallan kwat, ya ɗaga rigarsa ta ciki. Wani dogon tabo ne daga ƙasan ƙirji zuwa cibiya, tsoho, ya yi fari. Ya ce shekara takwas ke nan da aka yanke masa rabin tumbi. Lokacin da aka ce ya tafi wajen Iwona hutun wata biyu, asibiti yake. Tun daga nan duk abin da ke da gas, ko ruwan kwalba ne, in ya sha sai ya ji kamar an hura masa balan-balan a ƙarƙashin haƙarƙari.

"Giyarka kuwa, Mundek, ban taɓa shan mai gas irinta ba a duk Poland. Ban taɓa kama bas ɗin nan da kake gani ina bi ba. Bayan rumfar tasha nake zagayawa in dafa bango in duƙa har ya sake ni, sannan in hau na gaba."

Na jingina da firji.

"To don me kake sha?"

"Kai ka dafa. Ranarka ce. In na ƙi karɓa ka ce riƙo nake yi."

"Ba riƙon kake yi ba?"

"Na yi," ya ce. "Shekara biyu zuwa uku na farko, sosai ma. Bayan nan gas ne kawai."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai wani sauti ya fito mini wanda ba ɗaya daga ciki. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Shekara takwas ina tsaye a tagar kicin ina kallon bayansa yana sauri, ina cewa dubi yadda ya tsane ni, ashe mutumin wurin duƙawa yake nema. Kuma kowace shekara sai in ƙara wa giyar gas don in burge shi.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Me ya hana ka tambaya? Kilo goma sha biyar na zubar a gabanka."

Na jawo akwatin kwalabe na zauna kusa da shi, gwiwata tana ƙara. Daga cikin gida ana jin dariyar baƙi da ƙarar cokula. Muka zuba wa agogon hannunsa ido mu biyu. A minti na uku na yi magana, ba ga shi ba, ga agogon, don ya fi sauƙi.

"Abin da na faɗa ranar da aka binne Mama. Ba ni da bakin faɗarsa. Kai ka ɗauke ta shekara uku, ni ko fo ɗinta ban taɓa zubarwa ba. Kunya ce ta ishe ni ranar, na rasa inda zan ajiye ta, na ɗora maka. Ka yafe mini, Zenek."

Silinda ta fi shi saurin yafiya.

"Ka san abin da ya sa ta yi mini ciwo?" ya ce. "Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan tun daren da ta rasu. Da na kai ta Warsaw. Da na matsa wa likitan. Sai ka zo daga jirgi da sabon takalmi ka faɗe ta a gaban mutane." Ya shafa tabon ta saman riga. "Ba asibitin ba ne. Lokacinta ne ya yi. Na daɗe kafin in yarda da haka, amma na yarda. Kai ma ka yarda ka huta."

Na share hanci da tsumman goge famfo. Ya kalle ni ya ce in ban sani ba, da wannan tsumman na goge bakin tambulan ɗinsa.

Minti shida ya wuce, bakwai, goma. Ya danna nan, ya danna can, ya miƙe zaune ya ja dogon numfashi. Ta ƙaramar tagar gareji muka ga bas mai lamba tara ya tsaya a tasha, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya wuce. Zenek bai motsa ba.

"Shiru," ya ce, da mamaki a muryarsa. "Shekara takwas rabon da giya ta zauna mini." Ya nuna firji da haɓa. "Tambulan nawa ke cikin abin nan?"

"Talatin da wani abu."

"Likita ya ce ɗaya a rana, ba ƙari. Jirgina na tafiya Norway sha huɗu ga Disamba ne."

Na ƙirga a yatsu, har da wanda na soke. Kwana ashirin da huɗu. Da na hau bas a farkon Oktoba yadda Danka ta ce, da sun kai saba'in. Da na hau shekara takwas da suka wuce, ban ma so in ƙirga ba. Na san wannan nadamar ba za ta taɓa wucewa gaba ɗaya ba.

"Kullum ƙarfe huɗu, ya yi maka?" ya ce.

"Ya yi."

"Amma gobe kada ka sake yi mini bayanin huda biyar ɗin nan."

Aka turo ƙofar gareji. Danka ce, da farantin kabeji a hannu ɗaya, ta zo ganin ko mun kashe juna. Ta dube ni a kan akwati da jan ido, ta dubi Zenek a kan bokiti da kwat a buɗe. Zenek ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.

"Danka," ya ce, "silifas ɗin nan suna nan?"

A ƙarƙashin hammatarta suke.